Shekarar da Na Kai Askata Kalgo

Ku 'ya'yana, na sha jin kuna gardama a tsakar gida kan abin da ya raba mu da Kambaza. Wannan ya ce faɗa na yi da ɗan baffana Mani, wancan ya ce fari ne ya koro mu, autarku kuma na ji tana gaya wa ƙawayenta wai aiki aka ba ni a jami'a. Babu ko ɗaya a ciki. Ba wanda ya kore ni, ba kuma wanda ya kira ni. Kawunku Buhari ne ya zo yawon Sallah a kan babur, ya zauna a zaurenmu ya buɗe baki, ni kuma na buɗe kunne. Tunda yanzu hannuna ya fara rawa har na ajiye aska, bari in ba ku labarin yadda aka yi, don kada in mutu kowa ya ci gaba da ƙera nasa.

Ni wanzami ne ɗan wanzami. Abin da mahaifina ya bar mini shi ne zabira da asake, da ƙahoni, da gidaje. Ba gidajen ƙasa da azara nake nufi ba. A Kambaza kowane wanzami yana da gidajen da yake yi wa aiki tun zamanin kakanni. Ni ke aske maigida da 'ya'yansa, ni ke askin suna, ni ke yin ƙaho idan jiki ya yi wa mutum nauyi. Ba wanda ke sa hannu a aljihu ranar da na yi masa aski. Sai kaka ta yi, kowane gida ya aiko da damin gero ko na dawa gwargwadon kawunan da ke cikinsa. Ranar suna a haɗa ni da nama da goro. Ga rugar Jauro Bello a bayan gari, wadda nake zagayawa in aske su duka, shi ya sa nono ba ya yankewa a gidanmu, har ma yana riƙe mini wani bijimi a cikin garkensa. Ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Amma kuɗi irin na takarda, wanda ake ninkewa a sa a aljihu, sai mu yi wata ba mu gaisa da shi ba. Idan mahaifiyarku Kulu tana son sabulu ko gishiri, sai ta auni gero ta aika kasuwa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin talauci ba, domin kowa a unguwarmu haka yake, har mai unguwar.

Buhari ƙanen Kulu ne, ya samu aikin gadi a Kalgo tun lokacin da aka fara gine-ginen jami'a. Ya zo mana da shadda mai sheƙi, da waya a kowane aljihu, yana ƙamshin turare har awaki na atishawa. Bayan ya ci tuwo ya side hannu, sai ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa majinyaci.

"Yaya, kai dai kana nan kana aske kawuna kana jiran kaka? A Kalgo kafin mutum ya tashi daga kujera ya biya ka. Ɗaliban nan kullum cikin aski suke, kamar taki suke zuba wa gashin. Akwai wani da bai kai ka iya riƙon aska ba, abin da yake samu a yini ya fi wanda kake gani a wata."

Inna, mahaifiyata, tana bakin ƙofa tana gyaran wake. Da yake ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta yi da wani ko da bango in ji. Ta ɗaga kai ta dubi babur ɗin, ta dubi Buhari.

"Kai Buhari, wanga babur naka ne?"

"Na abokina ne, Inna, amma kamar nawa ne."

"Awo. To a gaya wa wancan, arzikin Kalgo ma na abokin wani ne."

Na ji ta sarai, amma maganar Buhari ta riga ta shiga. Ita ma Kulu ya cika mata kunne cewa a Kalgo mace ba ta ja guga, ba ta zuwa itace, ba ta surfe. Muka yi ta lissafi a ɗaki kamar waɗanda suka tsinci jaka. Bayan Sallah da 'yan kwanaki na je ruga na ce wa Jauro ina son bijimina. Da na gaya masa abin da zan saya da kuɗin, wato kilifa ta aski da madubi da kujera mai juyawa da ɗan janareta, sai ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallona.

"Wanzam, za ka sai da abin da ke cin ciyawa kyauta, ka sayi abin da ke shan mai?"

Na yi masa dariya irin ta wanda ya waye. Na kira Mani, wanda tare muka koyi sana'a a hannun mahaifina amma shi bai gaji gidaje da yawa ba, na ce ya riƙe mini nawa kafin in ga yadda Kalgo za ta karɓe ni. Ya karɓa da hannu biyu, har da ƙwalla. Daga baya na gane ƙwallar ta murna ce. Muka ɗaure kayanmu da buhun gero guda, da ku manyan kuna ƙanana, muka shiga mota. Inna ba ta fito rakiya ba. Ta aiko mini da tsohon dutsen wasa aska na mahaifina da na bari da gangan, ta ce a gaya wa wancan ya manta kayansa.

Buhari bai yi ƙarya ba a kan abu guda: a Kalgo kuɗi na yawo. Ka gan shi a hannun mai shayi, a hannun ɗan kabu-kabu, a hannun mai cajin waya. Abin da bai faɗa mana ba shi ne, yawon kawai yake yi, ba ya zama. Ɗaki guda muka kama haya a wani gida mai ɗakuna jere, da wani ɗan shago a bakin titi wanda in na miƙe hannuwana ina taɓa bango da bango. Gaskiya ne Kulu ta daina ja guga, domin babu rijiyar, ruwan sai a saya wajen 'yan garuwa. Ta daina zuwa itace, domin shi ma na sayarwa ne, a ɗaure shi ƙanana kamar asuwaki. Ranar da ta aika a sayo kuka aka kawo mata ƙulli ɗan mitsitsi a leda, ta riƙe shi a tafin hannu tana juyawa, ta ce:

"Malam, wagga kuka ce ko magani? A gidanmu akuya ma ba ta tsayawa don wagga."

Mutumin farko da ya zauna a kujerata ɗalibi ne, dogo, mai gashi tsaye a ka kamar an kifa masa kwando. Ya ciro waya ya nuna mini hoton wani ɗan ƙwallo, ya ce haka yake so, a rage gefe, a bar sama, a fitar da layi a goshi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kawunan da na aske sun fi garin nan yawa. Na tayar da janareta, na kunna kilifa. Ban taɓa riƙe ta a kan mutum ba sai ranar, a kan wata tsohuwar fatar rago na yi ta gwaji. Ina ɗora ta sai ta zarce kamar garma a sabuwar gona, ta buɗe hanya tun daga bayan kunne har tsakiyar kai. Na je ɗaya gefen don in daidaita, can ma ta yi nata. Allah ya taimake ni, ko ya taimake shi, kansa na sunkuye yana danna waya. Da na ga aikin ya fi ƙarfin gyara, sai na kashe injin, na ciro askata, na jiƙa kan da ruwa da sabulu, na yi abin da na iya. Wallahi ban taɓa askin da ya kai wannan kyau ba. Kan ya fito sumul, har hasken ƙofa na wasa a kansa. Na juya kujera na fuskantar da shi ga madubi, ina jiran yabo.

Ya shafa kan da hannu ɗaya, ya sake shafawa da ɗayan, kamar yana neman inda aka ɓoye gashin.

"Baba, me na yi maka?"

"Ai iska za ta riƙa shiga, karatu ya zauna."

"Baba, yau zan je gaishe da iyayen yarinyar da nake nema!"

Na ce ai ya dace, babu surukin da ke ƙin kai mai tsabta. Bai biya ni ba, kuma hulata da ke rataye a ƙusa ya cire ya sa ya fita da ita. Kafin magariba labari ya zagaye ɗakunan ɗalibai. Suka sa mini suna Baba Kwalkwabo. In sun zo wucewa ta gaban shagona sai su dafe kawunansu da hannu biyu su ƙara sauri. Da kyar na koyi kilifar, na fara samun leburori da 'yan kabu-kabu da wasu ɗaliban da kuɗinsu bai kai na manyan shaguna ba. Kullum ina komawa gida da 'yan kuɗi a aljihu, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Kullum kuma kafin in kwanta sun watse: na mai, na ruwa, na itace, na cefane, ga mai gida yana jiran nasa a ƙarshen wata.

A can gida kuwa labari ya riga ya canza kama. Wani ya zo ya ga madubi da kujera mai juyawa, ya koma ya ce na buɗe kamfani. Daga nan baƙi suka fara sauka. Duk wanda zai je asibiti a Birni, ko neman aiki, ko ma wanda gidansa ya ishe shi, sai ya ce bari ya biya ta wajen Garba. Su ci, su sha, su kwana a shago a kan tabarma, da safe kuma su tsaya suna gyaran murya har sai na ba da na mota. Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne Kawu Dikko, ƙanen Inna, manomi mai rumbuna da gonar albasa. Ya zo a duba masa ido, aka duba, ya ce zai ɗan tsaya ya ga yadda maganin zai karɓe shi. Da yini yakan hau kujerata ya yi ta juyawa, in mai aski ya zo sai an roƙe shi kafin ya sauka.

Maƙwabcinmu na ɗaki Malam Isa, masinja ne a wani ofis, mai albashi. Tun ranar da ya ga an shigo da buhun geronmu yake gaishe ni da girmamawa. Wata rana da la'asar suka haɗu da Kawu Dikko a kan benci a ƙofar shago, aka yi gardamar da ban taɓa jin irinta ba. Na saba ganin mutane na takara kowa na cewa ya fi wani. Waɗannan kowa rantsuwa yake ɗan'uwansa ya fi shi.

"Ku dai kun ji daɗi," in ji Kawu. "Ko an yi ruwa ko ba a yi ba, wata na ƙarewa a miƙo muku. Ba tsuntsu, ba fara, ba tsutsa."

"Baba, wane daɗi? Albashin nan gaisuwa kawai yake zuwa yi. Ko takalmi ba ya cirewa. Kai fa? Rumbu nawa gare ka?"

"Rumbu ai ba kuɗɗi ba ne! Ni rabona da sabuwar takarda tun cirar albasa."

"Ni kuma rabona da in ga hatsin da ya wuce kwano biyu a ɗakina tun ina gidan ubana. Ka taɓa biyan kuɗin ɗakin da kake kwana?"

"Subhanallahi! Ɗakin da na gina da hannuna?"

"Ka taɓa sayen ruwan alwala?"

"Kai, ji wani saɓo!"

"To wallahi kai ne mai arziki."

"Aradu kai ne! Dubi takalminka. Dubi agogo. Ɗiyanka duk suna boko da littafi sabo. Ni in ɗiyata ta kwanta ciwo sai na kai akuya kasuwa, in ranar ba kasuwa sai mu jira."

Suka yi ta yi har mutane suka taru, 'yan kabu-kabu suka rabu biyu, masu goyon bayan talaucin Kawu da masu goyon bayan talaucin Malam Isa. Da abin ya ƙi ƙarewa sai wani ya ce a tambayi Wanzam, tunda ya zauna can ya zauna nan. Kafin in buɗe baki su biyun suka juyo suka nuna ni a tare, kowa ya ce ai ga mai arzikin nan, yana da gero a ƙauye yana da kuɗi a birni. A kan wannan suka shirya, suka yi musafaha, ni kuma aka sa na sayo musu shayi.

Ana haka jami'a ta yi dogon hutu. Ban san haka abin yake ba. Cikin 'yan kwanaki garin ya koma kamar kasuwar da ta watse. Ɗalibai suka tafi da kawunansu, 'yan kabu-kabu suka kwanta a kan baburansu a gindin bishiya, mai shayi ya koma yi wa kansa shayi. A Kambaza gashi ba ya hutu, mai shi kuma ba ya zuwa ko'ina. A nan sai in wuni ina kaɗe kujera. Buhun geronmu, da taimakon Kawu Dikko da sauran baƙi, ya kwanta ƙasa ya zama shimfiɗa. Abin da ya riƙe mu a lokacin tandar Kulu ce. Tun tana soya masa don baƙi su karya, Malam Isa ya fara saye, matarsa ta gaya wa maƙwabta, har ta kai ana kai kula guda wajen magina, domin su gini ba ya hutu. Da safe ni ke ɗaukar kular a ka in kai musu, da zabirata a kafaɗa don kada a ce tallar masa nake. Duk da haka wani magini ya taɓa ce mini, "Mai masa, ashe kana taɓa aski?"

Da kaka ta yi sai na ce wa Kulu ta kwantar da hankalinta, zan je gida in karɓo damunanmu, ko rabi Mani ya ba ni mun haye. Na ari shaddar Buhari don kada a raina ni, wannan kuma shi ne babban kuskuren tafiyar. Tun daga tasha yara suka karɓe mini jaka. A masallaci aka ja ni sahun gaba. Bayan sallah liman ya yi sanarwa cewa za a sake rufin masallaci, kuma Allah ya kawo ɗanmu na Kalgo a kan gaɓa. Duk aka juyo ana kallona ana murmushi. Kuɗin motar komawa da na zo da shi, a nan na bar shi.

Washegari na fara zaga gidajena. Ko'ina aka shimfiɗa mini tabarma mai kyau, aka kawo fura, aka yi ta sa mini albarka, amma ba wanda ya ambaci dami. A gidan Malam Sambo, aminin mahaifina, na daure na yi zancen a kaikaice, na ce bana gero ya yi kyau. Tsohon ya gane, ya kama hannuna.

"Haba Garba. Mu da munka san matsayinka yanzu? Mun yi shawara, munka ce abin kunya ne mu ɗauki damin gero mu kai wa mutum irinka, kamar muna yi maka gori. Mani munka ba, shi da ke fama. Kai dai ka riƙa tunawa da mu."

Na buɗe baki in ce masa wallahi a yi mini gorin, sai na tuna shaddar da ke jikina. Mani kuwa ya yi ƙiba, ya sake zabira, yana tafe mutane na ce masa Wanzam. Ya rungume ni ya ce gidaje na nan lafiya, kada in damu, zai ci gaba da riƙe mini har abada. Abin da ya fi yi mini ciwo a ruga na same shi. An yi wa Jauro jika, kuma Mani ne ya yi askin suna. Tun daga kakan Jauro babu jaririn da aka haifa a rugar nan da ba hannun gidanmu ne ya fara taɓa kansa ba. Jauro bai yi mini gori ba. Ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya kamar yadda ake kawo wa baƙo, ya tambaye ni lafiyar abin da ke shan mai. Na sha nonon. A ranar na san gidajen mahaifina sun tafi, kuma ba wanda ya ƙwace su, ni na miƙa.

Inna ce ta ba ni na mota, ba tare da ta dube ni ba. Ta ɗaure shi a bakin tsumma ta ajiye a kan turmi, ta ce wa turmin wani ya yar da abu. Na dawo Kalgo hannu wofi. Kulu ta dubi hannuwana, ta dubi bayana ko akwai mai ɗauke da kaya, sannan ta ce in cire shaddar mutane kafin ta yi datti.

Daga nan na daina wahalar da kaina. Na sayar da janareta da kilifa da kujerar, na saki shagon, na samu gindin wata bishiya kusa da tasha na shimfiɗa tabarma, na fito da asakena da dutsen wasawa. Ashe garin cike yake da irina, mutanen da suka baro ƙauyukansu saboda aikin gadi da gini da dako, suka baro wanzamansu a can. Su ba su son layi a goshi. In an yi musu haihuwa ni suke nema. Ranar kasuwa Fulani su zo, tsofaffi su zo a yi musu ƙaho. Wani ya ba da kuɗi, wani ya kawo kwanon masara, wani ya ce sai wani jiƙon. Ban yi arziki ba, amma da nawa da na tandar Kulu muka daina jin tsoron ƙarshen wata, sai dai hatsi kullum a kwano muke awo, ku kuma kuna girma, cikinku na girma.

Bayan Sallah babba sai ga Inna da kanta, karo na farko kuma na ƙarshe da ta taka Kalgo. Ta shiga ɗakinmu ta tsaya a tsakiya. Ta dubi katifa, ta dubi inda kuke kwana kamar an jera rake, ta buɗe tukunyar da muke zuba hatsi ta leƙa, ta rufe. Ta fita ta je ta ga tabarmata a gindin bishiya. Da za ta koma na raka ta tasha, na durƙusa a gaban mutane.

"Inna, kin dai gani da idonki. Don Allah in kin koma ki gaya musu gaskiya. Ki ce ba ni da komi. Ko baƙin nan sa ragu, ko wani ya tausaya ya aiko da dami."

Wannan ne karo ɗaya a rayuwata da na tuna ta dube ni ido cikin ido ta yi mini magana ba ta hanyar bango ba.

"In ce mi? Tun da anka kai ni gidan ubanka nike matar wanzami, na koma uwar wanzami. Gidan biki bakin ƙofa nike zama, wajen takalma. Yanzu in na shiga, tashi ake a ba ni tabarma, ana ga uwar mai kamfani. Matar liman da kanta ta kawo mini cinyar kaza. Shi ne kai za ka sauke ni? Tashi, kana ɓata mini suna a tasha."

Ta shiga mota ta zauna a gaba, ta ce wa direba ya yi a hankali, ɗanta babban mutum ne a garin nan.

Na koma gida raina a ɓace, na ce wa Kulu mun shiga uku, baƙi sai abin da ya ƙaru. Ba a yi sati ba sai ga direban motar Kambaza yana sallama a ƙofar gida, ya sauke buhun gero cikakke, ya ce daga Inna. Bayan wata biyu ya sake kawo wani. Haka aka yi ta yi, shekara da shekaru, daga gonarta da kuma abin da take tatsa wajen Kawu Dikko, wanda ta ce ya ci na ɗanta dole ya biya. Na daɗe ina mamakin yadda take fitar da buhu daga gida a gaban jama'a ba tare da an gane mai kamfani ne ake ciyarwa ba. Wata rana na tambayi direban. Ya yi dariya har ya dafa mota.

"Ai duk gari an sani. Ta ce ka buɗe gidan gona, kana kiwon kaji irin na turawa, waɗanda ba su cin komi sai geron Kambaza. Har mutane na tambayata ko sun yi yawa."

Na ce masa ya ce suna nan lafiya, suna ta girma, ci gare su kamar me.

Allah ya jiƙan Inna, ta rasu tana uwar mai kamfani, kuma jana'izarta ta yi jama'a. Saboda haka idan kun je Kambaza wani tsoho ya tare ku yana tambayar labarin kajin babanku, kada wanda ya kuskura ya ƙaryata kakarku. Ku ce suna nan, sun yi fiffike, wasu har sun yi aure. Ku ne kajin.